Ta yaya zan tabbatar shirina na Prolog zai tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce a nan Kaduna. Shirin da na rubuta da harshen kwamfuta na Prolog yana aiki lafiya, amma da na sa masa korewa, wato alamar \+, sai ya dinga juyi ba tsayawa. Akwai yadda ake tabbatar da cewa shiri zai tsaya? Bayyana nau'in bayanai yana taimakawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun 1936 Alan Turing ya nuna cewa babu wata dabara guda da za ta yanke wa kowane shiri hukuncin ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Amma naki shirin ana iya kafa masa hujja. Abin da za ki nema shi ne ma'auni: lamba da take raguwa a duk lokacin da shirin ya kira kansa, kuma ba ta sauka ƙasa da sifili. A kan wannan Krzysztof Apt da Dino Pedreschi suka gina aikinsu na 1993.

Duba wannan, inda s(X) ke nufin X da ƙarin ɗaya:

cika(0).
cika(s(X)) :- \+ cika(X).

Wato lamba cika ce idan wadda ta gabace ta ba cika ba ce. Ma'aunin shi ne yawan s. Kowane kira yana ɓare guda, dole a iso 0. Amfanin nau'i ke nan: shi ke gaya miki abin da za ki ƙirga. In jeri ne, tsawonsa. In bishiya ce, zurfinta.

Korewa kuwa sai an yi hattara. A Prolog, \+ ba ya nufin abu ƙarya ne, yana nufin an nemi hujja an rasa, ma'anar da Keith Clark ya yi wa bayani a 1978. Kafin a ce an rasa, sai binciken ya kai ƙarshe. Saboda haka kiran da ke cikin korewa ma dole ma'auninsa ya ragu. Ɗauki ƙa'idar cin wasa, wato mai wasa zai ci daga matsayin X idan yana da motsi zuwa matsayin Y da abokin wasansa ba zai ci daga can ba:

ci(X) :- motsi(X,Y), \+ ci(Y).

Idan wasan irin dara ne, inda ɗa zai matsa gaba ya dawo gidansa, wasa na iya komawa yadda yake ɗazu. Babu abin da ya ragu, kuma ci zai yi ta jiran kansa. Ina kyautata zaton irin wannan ce ta same ki.

Sai ki kula, nau'i kaɗai bai isa ba, kuma nan ne na fi so ɗalibai su natsu. Ki tambayi cika(X) ba tare da kin ba X ƙima ba. Nau'in daidai yake, shirin ma zai tsaya, amma 0 kaɗai zai ba ki, ya tsallake 2 da 4 da sauransu. Dalili, an kira korewa a kan abin da ba a cika ba tukuna, kuma ba a iya auna shi. Shi ya sa harshen Mercury, na Jami'ar Melbourne, yake duba nau'i tare da abin da ke shiga da abin da ke fita tun kafin shiri ya fara aiki.

Ki bi kowane \+ a shirinki, ki tabbatar komai na cikinsa ya samu ƙima kafin a iso shi, sannan ki rubuta lambar da ke raguwa. A wasan can, ki riƙe jerin matsayin da aka riga aka bi, ki hana komawa gare su; yawan waɗanda suka rage shi ne ma'auninki.