Amsa: Me ya sa fararen alfaka suka haifi ɗa ruwan ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda fararen alfaka biyu za su haifi ɗa ruwan ƙasa, da kuma ko launin kan sauya idan dabbar ta girma. Duka biyun suna faruwa ga alfaka, wato dabbar Kudancin Amurka dangin raƙumi da ake kiwo don gashinta.

Ƙwayoyin gado biyu ne kan gaba wajen launi, MC1R da ASIP. Farar alfaka tana iya ɗauke da gadon launi mai duhu a ɓoye, farin ya danne shi. In uwa da uba duka sun ba ɗa wannan ɓoyayyen gadon, sai ya fito fili. Shi ya sa masu kiwo a Peru, inda masaƙun birnin Arekipa suka fi son farin gashi don yana karɓar rini, har yau sukan ga ɗa mai duhu a cikin farin garke. Baƙi da baƙi kuwa galibi baƙi suke haifa.

Inda nake so ka kula sosai shi ne toka-toka. Wannan launin yana da alaƙa da ƙwayar gado mai suna KIT, kuma ɗan da ya gaje shi daga iyaye biyu ba ya rayuwa, tun a cikin uwa yake mutuwa. Dabbar da ke ɗaukar ciki wata 11 da ɗoriya, ɓari ba ƙaramar asara ba ce, don haka ni ba zan haɗa toka-toka biyu ba. Fara mai shuɗin ido ma sau da yawa kurma ce.

Batun shekaru: rana ce ke koɗar da saman gashi, har baƙi ya koma jaja-jaja. Buɗa gashin ka duba kusa da fata, ko ka jira askin shekara, can ne ainihin launin yake. Wasu kan yi furfura sannu a hankali, gashin kuma yana ƙara kauri da tsufa.