Ki kira ta da sunanta, ba komai

Ɗiyata na ga saƙonki tun jiya, hidima ce ta sha kaina. Kin ce matar gidan da kike yi wa raino a birnin Kolon na Jamus ta ce ki daina ce mata Madam ki riƙa kiran sunanta gatsau, ke kuma bakinki ya ƙi, wai ko rashin tarbiyya ne. To ki kira, ba komai wallahi. Ai ita kalmar au pair ɗin ma, sunan aikin rainon da kike yi, Faransanci ce, ma'anarta daidai wa daida, wato kamar babbar 'yar gida suka ɗauke ki ba 'yar aiki ba, shi ya sa ta ce ki ce mata du, wato 'ke' ta sabo a Jamusanci, maimakon Sie ta girmamawa. In kika ci gaba da Madam ɗin gani za ta yi kina nesanta kanki da su.

Abin da nake so ki gane shi ne kunya da kawaicin da muka koya muku a gida, Bajamushe ba ya karanta su a matsayin ladabi. Ni da kaina na sha wannan a farkon zuwana Hambog, aka gayyace ni cin abincin dare, ƙarfe shida na yamma fa, burodi mai sanyi da cuku da ɗan kokwamba, aka miƙo min na ce na ƙoshi ina jira a sake cewa haba ci mana kamar yadda ake yi a gida, sai kawai na ga an ɗauke faranti an kai kicin! Ranar da yunwa na kwana. A can a'a tana nufin a'a. Haka in ana miki magana ki ɗago ki kalli mutum a ido, sunkuyar da kai da muke yi wa manya su sai su ɗauka kina ɓoye wani abu. Durƙuso kuwa ki ajiye shi sai kin dawo wajen Baba.

Kuma kar kunyar nan ta sa a ci haƙƙinki. Ƙa'idar aikinku awa 30 ne a sati, bai wuce awa 6 a rana ba, kuɗin kashewa Yuro 280 a wata, da ɗakinki ke kaɗai, da Yuro 70 na makarantar Jamusanci. In awoyi suka fara zarcewa ki zauna da ita ki faɗa cikin lumana, ba za ta ji haushi ba, shirun ne zai sa ta zaci kin yarda.

Batun yaron da kika ce yana mayar miki da magana, don Allah ko ranƙwashi kar ki gwada, tun shekarar 2000 doka ta hana dukan yara a Jamus, iyayensu ma ba su isa ba balle ke. Ki gaya wa uwar kawai.

Sallarki da abincinki kuwa babu sassauci, ki faɗa musu ƙarara ba kya cin Schwein, wato alade, ki riƙa duba bayan leda, har alawar robar nan da yara ke tauna yawanci da jelatin ɗin alade ake yi. Au, kuma ran Lahadi kantuna a rufe suke, ki yi cefanenki tun Asabar. Yaji da kuka na nan na ɗaure miki, ina jiran mai tahowa.