Tambaya da Amsa: Burauza, Data da Likau

Tambaya daga wata Hajiya a Gangare, Jos: Malam, ƴata ta rubuta JAMB, aka ce mu buɗe burauza mu shiga shafin hukumar. Ni WhatsApp da Facebook kawai na sani. Shin Google ne intanet ɗin?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Intanet ita ce haɗakar kwamfutoci da wayoyin hannu na duniya, waɗanda wayoyin ƙarƙashin ƙasa da na ƙarƙashin teku da turakun sabis suka haɗe. Ba a iska take yawo ba kamar yadda ake zato. Ki tuna watan Maris na 2024, lokacin da wasu wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: har nan Jos tura kuɗi ta waya ya gagara, alhali matsalar tana can cikin ruwa.

Shafukan da ake buɗewa kuwa, su ne yanar gizo, wadda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan. WhatsApp ma a kan intanet yake aiki, amma manhaja ce mai zaman kanta. Burauza ita ce manhajar buɗe shafuka, irin su Chrome da Opera Mini da Firefox. Google kuma injin nema ne: ki rubuta abin da kike so, ya jero miki shafukan da suka yi maganarsa. Idan wayarki Android ce, nemi wata alama mai da'ira ja da rawaya da kore, da shuɗi a tsakiya. Chrome ke nan. Taɓa dogon akwatin da ke sama, ki rubuta jamb.gov.ng da hannunki.

Tambaya daga wani mai sayar da dankalin turawa a Farin Gada: Na sa data 1GB da safe, kafin la'asar ta ƙare. Cutata ake yi?

Alhaji, kafin mu zargi kowa mu leƙa wayar. 1GB megabait dubu ne da ɗoriya kaɗan. Saƙon rubutu kusan ba ya cin komai, bidiyo ne ke lashe data. Shiga saitin WhatsApp ka hana hotuna da bidiyon zaure, wato gurup, sauka da kansu, ka hana bidiyon Facebook kunna kansa, sannan a Play Store ka sa sabunta manhajoji sai an samu Wi-Fi. Idan yara suna jona wayarsu da taka, datarka suke sha. Danna *323# ka ga abin da ya rage. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta mai da lambar iri ɗaya a duk layuka.

Tambaya daga wani matashi a Unguwar Rogo: An turo likau a zauren unguwarmu wai tallafin gwamnati ne, a cike BVN da lambar katin banki. Adireshin ya fara da https, kuma an ce alamar shafi mai aminci ke nan. In cike?

Ɗan'uwa, kada ka cike. Wannan tambayar ce ta fi damuna, domin a nan ne rashin sanin kalma ɗaya ke cinye guminka na wata guda.

Likau adireshi ne da aka mayar abin taɓawa, kuma kowa yana iya buɗe shafi ya liƙa tambarin Najeriya da hoton shugaban ƙasa. Abin da https ke nufi shi ne an kulle bayanin da ke tafiya tsakanin wayarka da shafin, na gefe ba zai karanta ba. Bai ce komai a kan halin mai shafin ba. Ɗan damfara ma yana samun https kyauta. Saboda irin wannan ruɗanin ne Chrome ya cire alamar kwaɗo daga gefen adireshi a 2023, don jama'a suna ɗaukarta shaidar gaskiya.

Ga inda za ka sa ido. Bayan https://, karanta har zuwa karan tsaye mai karkata na farko, wato /. Ƙarshen wannan yankin shi ne ainihin sunan shafin. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya galibi suna ƙarewa da .gov.ng, kuma ba a ba kowa wannan ƙarshen sai hukuma. Mayaudara sun san haka, sai su cusa "gov" da "ng" a farko ko a tsakiya, ƙarshen kuma ya zama .xyz ko .top ko wani abu daban. Wasu kuma su gajarce adireshin yadda ba za ka ga inda zai kai ka ba sai ka shiga. Da ka ga shafi ya ce sai ka tura wa zaure biyar kafin a biya ka, ka rufe shi.

Kuma ai karɓar kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata. Lambobin jikin kati, da lambar sirri, da lambar nan da banki ke turowa ta saƙo don tabbatar da ciniki, duk na cire kuɗi ne. Ko ma'aikacin banki bai da hurumin tambayarka su.

Idan wani a zauren ya riga ya cike, ya kira bankinsa yanzu a toshe katin, kada ya jira gari ya waye, gobe kuma ya je reshe da katin shaidarsa ya canza lambar sirri. Kai kuma ka roƙi mai kula da zauren ya goge saƙon.