Kai da ke son yin aiki kyauta don a san ka

Na ga saƙonka. Ka ce ka kama ɗan shagon ɗaukar hoto, abin da ya rage a hannunka bai taka kara ya karya ba, kana tambaya ko ka fara ɗaukar tarukan manya kyauta don sunanka ya fita, ko ka biya Instagram su tallata ka. Da idona ya kai kan kalmar kyauta sai da na ajiye wayar, don ka fama mini tsohon miki.

Gab da zaɓen 2007, ina ɗan shagona a Fagge, wani ɗan takara ya turo mini yaronsa, babbar riga ta sha aiki, turare ya cika shagon. Wai Alhaji ya ce ni zan riƙa ɗaukar duk taronsa, kuɗi ba matsala, in aka ci kuwa ni ne mai hoton ofis. Kunya ta hana ni neman kafin alƙalami. A lokacin, da kyamarar Yashica nake aiki, fim ɗin Kodak, kowane guda hoto 36, ba irin taku ta yanzu da za ka danna sau dubu ka goge ba. Duk dannawa kuɗi ce. Na ci bashin fim a Sabon Gari, na ci bashin wankin hoto, na yi mako shida ina bin ayarinsu ƙauye-ƙauye a bayan a-kori-kura, kyamara a cikin riga saboda ƙura da 'yan jagaliya. Biki uku na unguwa na bari saboda shi, har da na 'yar maƙwabcina, wanda har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Hoton da na ɗauke shi ya ɗaga hannu, shi aka buga a fasta. Daga Ƙofar Mata har Zoo Road ba bangon da ba a manna shi ba. Ka san sunan wa ke ƙasa? Na mai buga fastar. Negetif ɗin ma, wato fim ɗin da aka wanke, sun karɓa wai za a kai wajen bugu, ban sake ganinsu ba. Mutumin ya ci zaɓe. Na yi ta sintiri a ƙofar gidansa, kullum maigadi ya ce Alhaji yana Abuja. Ranar da suka gaji da ganina, sai aka miƙo mini turmin atamfa ta ƙaramar ƙofa. Na buɗe, ga fuskarsa jere a jiki, hoton nan nawa. Babur ɗina Jincheng na sayar na biya mai fim. Atamfar tana nan, da ita nake rufe janareta.

To ka ji tallar da manya ke yi wa mutum.

Batun haske da saitin kyamara ba zan ɓata bakina ba. Shekara huɗu kana riƙe mini fitila, in ba ka iya ba laifinka ne. Abin da ba ka lura da shi ba, ba ango ke zaɓen mai hoto ba, amarya ce da ƙawayenta, su kuma bakin mai kwalliya da mai lalle da tela suke ji. Waɗannan kaɗai na yarda ka yi wa kyauta: ka ɗauki aikin hannunsu, hoto biyar masu kyau, sunanka da lambarka a gefe, su ɗora a WhatsApp. Matan da ke kallon shafin mai kwalliya guda sun fi maka amfani da baƙin da Instagram zai nuna wa hotonka. Amma kada ka kuskura ka saka fuskar matar aure ko amarya ba da izini ba, mijin ba zai tsaya jin bayanin talla ba.

Ka je wurin malaman Islamiyya kafin lokacin sauka, kowane ɗalibi gida guda ne. Kada ka raina hoton fasfo, shi ya riƙe ni a watannin da ba biki. In ka ce Laraba, to Laraba. Rabin kuɗi kafin ka fito da kyamara daga jaka, ko kawunka ne.

Ku yaran yanzu mabiya kuke ƙirgawa a TikTok, aljihu wayam. Ga wannan gyaran fuska da kuke yi, ku mayar da baƙar yarinya fara sol har uwarta ta kasa gane ta a kamu. Ni dai ba a shagona ka koyi wannan ba.

Ranar Asabar akwai yinin biki a Gwammaja, ayyuka sun haɗe mini, kai za ka je. Ka zo da wuri, ka taho mini da gilashin kyamarata da ka ara tun ƙaramar Sallah.