Amsa: Wane ƙyallen iska zan saya wa jirgin ruwa don doguwar tafiya?

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka ce kana Abuja, jirgin yana Legas, kuma ƙyallensa ya tsufa, ga niyyar ƙetara tekun Atilantika.

Ni dai Dacron zan ce ka saya. Saƙaƙƙen yadi ne na foliyesta, yana da sauƙin kuɗi, yana jure wahala, idan ya yage a tsakiyar teku allura da zare sun isa ka ɗinke shi. Na zamani masu liƙe-liƙe sun fi riƙe siffa, shi ya sa masu tsere ke son su, amma zafi da laimar Legas kan sa su yi fumfuna, gam ɗin ya saki. Da ma ba tsere za ka yi ba.

Ka ce wa maɗinkin ya yi ɗinki layi uku, ya sa wa babban ƙyallen matakan ragewa uku, domin idan iska ta haukace sai ka rage shi sosai. Na gaban kuma, wanda ake naɗewa, a lulluɓe bakinsa da Sunbrella, wato yadin da ke kare shi daga rana. Rana ce ke cinye zare, ta fi gishiri ɓarna.

Kada ka aika awo ta waya, a je a auna jirgin.