Filin Tambaya da Amsa: Kalkuletar Kawu Ta Ƙi Magana da Laftof

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin safiyo ne a Argungu. Kawuna da ya yi ritaya daga aikin awon filaye ya ba ni kalkuletarsa HP 48GX, a cikinta akwai lambobin iyakokin gonakin shinkafa da ya auna a fadama. Yanzu magadan wata gona suna neman nasu, ni kuma ina son in juye komai a laftof mai Windows 10. Kebul ɗin kalkuletar mai ramuka tara ne, laftof ba ta da mazauninsa, sai na sayo adaftar USB a Birnin Kebbi. Duk sanda na danna SEND sai ta rubuta "Connecting", ta yi ta "Retry", daga ƙarshe ta ce "Timeout". Abokina ya ce in cire batir in bar ta ta kwana, ko in danne ON da A da F tare. In yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Don Allah kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Danne ON da A da F tare share ƙwaƙwalwar kalkuletar yake yi kakaf, barin ta ta kwana ba batir ma can zai kai ka. Abin da ke cikinta haƙƙin magada ne, kuma ba ka da kwafinsa a ko'ina. Da na karanta wasiƙarka sai da gabana ya faɗi a daidai wurin nan.

Batir za ka canza, amma da dabara. Sayo sababbin AAA guda 3 masu kyau, ka ajiye su kusa da hannunka, ka kashe kalkuletar, ka musanya cikin ƙasa da minti 2, kuma kada yatsanka ya taɓa ON alhali babu batir a ciki. Tura bayani ta waya yana shan wuta fiye da lissafi, batir mai rauni kan katse aiki a tsakiya.

Ita wannan na'ura ta fito a 1993, zamanin da kusan kowace kwamfuta ke da mazaunin siriyal, wato RS-232, a bayanta, irin wanda kebul ɗin Kawu ke shiga. Ba ta san USB ba. Saboda haka tsakaninta da laftof ɗinka akwai kebul, akwai adafta, akwai direban adaftar, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane adaftar, ga kuma manhajar da za ta karɓi saƙo. "Timeout" ba ya nuna maka wanda ya yi laifi a cikinsu, abin da kawai yake nufi shi ne ta yi sallama ba a amsa ba. Masu hanzari sukan canza komai lokaci guda su ƙara rikicewa. Ni raba hanyar biyu nake yi, in fara da ɓangaren laftof, kalkuleta tana ajiye a gefe.

Soka adaftar ita kaɗai, ka buɗe Device Manager, ka duba ƙarƙashin Ports. Ya kamata ka ga suna da lamba, kamar COM3 ko COM7. Idan akwai alamar ruwan ɗorawa a jikin sunan, matsalar direba ce. Yawancin adaftocin kasuwa ɗaya daga cikin ƙwayoyin lantarki (chip) uku ke cikinsu: FTDI, CH340, ko PL2303 ta Prolific. Ita PL2303 an yi jabunta da yawa, sabon direba kuma yana ƙin jabun da tsofaffin samfuri, sai ka ga "Code 10", ko rubutun da ke cewa an daina PL2303HXA tun 2012. Na taɓa ɓata yini biyu cur a kan irin wannan adaftar da na saya a wani shago, ina ta zargin kebul, ashe kebul lafiyarsa lau. In ka ga haka kada ka wahalar da kanka, nemi mai FTDI. Ka kuma tabbata adaftar mai kan haƙora tara ce. Akwai wasu ƙananan allunan da masu haɗa Arduino ke amfani da su, su ma ana ce musu na siriyal, amma ƙarfin wutarsu da yanayin siginarsu daban ne, ba za su yi da HP 48 ba.

Yanzu ga gwajin da na fi so, don ba ya ƙarya. Sauke Tera Term, manhajar aikawa da karɓar saƙo ta mazaunin COM, kyauta ce, tunda irinta mai suna HyperTerminal ba ta zuwa da Windows tun daga Windows Vista. Buɗe ta, ka zaɓi Serial da lambar COM ɗinka. Sai ka kalli bakin adaftar, faffaɗan layi mai haƙora biyar yana sama. In ka haska da tocilan waya za ka ga 'yan mitsi-mitsin lambobi a gindin haƙoran. Na 2 shi ke ji, na 3 shi ke magana, na 5 shi ne ƙasa. Ɗauki ɗan guntun waya ko bakin sukudireba ka haɗa na 2 da na 3, ka sa ƙanenka ya riƙa buga haruffa. Idan haruffan suna fitowa a allo, kuma da ka ɗaga sukudireban suka daina fitowa, to laftof da direba da adafta duk sun wanke kansu. Idan ba abin da ya fito, kada ma ka taɓa kalkuletar tukuna.

Ɓangaren kalkuleta kuwa, akwai abin da nake kyautata zaton shi ne damuwarka. HP 48 tana da baki biyu, na waya da na hasken infirared, wanda masu awo ke amfani da shi su tura wa juna bayani in sun jera kalkuleta biyu kai da kai. Idan Kawu ya bar ta a kan infirared, duk SEND ɗin da kake dannawa ta ɗan gilashin goshinta yake fita, wayar ba ta samun komai. Rubuta -33 CF ka danna ENTER, ta koma waya. Sannan ka leƙa saitin I/O ɗinta, wanda take ajiyewa a wani abu mai suna IOPAR a HOME. Gudunta huɗu ne kacal: 1200, 2400, 4800 da 9600. Sa 9600, pariti babu. A Tera Term ma 9600, data 8, pariti none, stop 1, flow control none. Dole lambobin nan su zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu.

Kafin ka soka kebul, hure ɗan mazaunin mai haƙora huɗu da ke saman kalkuletar. Ƙurar hunturunmu takan cika shi, haƙoran kuma sirara ne, ka shigar da kebul a hankali. Cire cajar laftof ɗin ma, musamman in wutar janareta ce.

Sai ka rubuta "SALAM" da alamomin zancen, ka bi shi da XMIT. In SALAM ta bayyana a allon laftof, hanya ta buɗe. In wasu baƙaƙen shirme suka fito, gudun bai daidaita ba. In shiru, sai mu zargi kebul: ko ya tsinke daga ciki, ko an ƙara masa wani kebul na tsawo wanda ke juya 2 da 3. Cire duk wani ƙari, ka haɗa kebul ɗin Kawu da adafta kai tsaye.

Akwai kuma abin da ban ga ka ambata ba a wasiƙarka: wace manhaja ce ke jiran saƙon a laftof? SEND da yaren Kermit take magana, wato wata ƙa'idar tura fayil tsakanin na'urori, kuma Windows ba ta amsa shi da kanta yadda take buɗe filashi. A Tera Term shiga File, Transfer, Kermit, Receive. Mai karɓa ke fara zama, sannan ka sa sunan fayil a kalkuleta ka danna SEND.

Lambobin gonaki ka tura su a ASCII, wato rubutu zalla, ta hanyar rubuta -35 CF, don ka iya karanta su a Notepad. Za ka ga layin farko ya fara da %%HP:, kada ka ɗauka lalacewa ce, haka take sa wa fayilolinta kai. Amma tun kafin wannan, da zarar SALAM ta fito, buɗe Kermit Receive ka rubuta :IO:KAWU ARCHIVE. Wannan zai kwashe duk abin da ke HOME ya zuba a fayil ɗaya. Idan akwai kati a bayan kalkuletar, abin da ke kansa ba ya cikin wannan kwafin, sai ka kwashe shi daban. Ajiye kwafi ɗaya a laftof, ɗaya a filashi. In ka gama, rubuta CLOSEIO don mazaunin ya daina shan batir.

Ka buga lambobin a takarda ka kai wa Kawu ya duba da idonsa kafin su isa hannun magadan, don shi ya san sunan da ya ba kowace gona da turken da ya fara awo daga kansa. Ka gaishe min da shi, ka kuma rubuto min abin da gwajin sukudireban ya nuna.