Tambaya da Amsa: Madubin Shagon Tela da na Gefen Mota

Tambaya: Ni tela ne a Zariya. Ina so in kafa madubi a shago, wanda mai karɓar ɗinki zai ga kansa tun daga hula har takalmi. Sai madubin ya kai tsawon mutum?

Amsa: A'a Malam, rabin tsawon mutum ya wadatar. Haske idan ya bugi madubi, da irin karkatar da ya zo da ita yake komawa, ba ƙari ba ragi. Masanin kimiyya Ibn al-Haisam ya yi bayanin wannan ƙa'ida a littafinsa Kitab al-Manazir tun ƙarni na 11. Saboda haka hasken da ya taso daga takalmi yana taɓa madubi ne a rabin tazarar da ke tsakanin ƙasa da ido, daga nan ya shiga ido.

Ɗauki mutum mai tsawon santimita 170, idonsa na kan 160. Gindin madubi zai tsaya santimita 80 daga ƙasa, samansa ya kai 165. Santimita 85 ke nan. Kuma ja da baya ba ya ƙara masa ganin jikinsa, don siffarsa ma ja take yi daidai da shi.

Amma shago na kowa ne, dogo da gajere. Shawararmu ka sayi mai tsawon 120, ka ɗaga shi 60 daga ƙasa, ya miƙe cak a jikin bango. Kada ka yarda da siririn gilashi mai kaurin milimita 3, yana lanƙwasa, sai a ga riga ta karkace alhali ɗinkinka lafiya lau. Nemi mai 5 ko 6. Sannan ka raba shi da bango mai danshi. Abin da ke maido da haske shi ne shafen azurfa ko alminiyam da ke bayan gilashin, in ruwa ya ratsa fentin da ya rufe shi, baƙaƙen tabo za su fara daga gefe, kuma gogewa ba ta fitar da su.

Tambaya: Me ya sa motar da nake hangowa nesa a madubin gefe, ina waiwaye sai in gan ta dab da ni?

Amsa: Madubin ya ɗan turo ciki waje kamar bayan cokali, don ya kwaso titi da faɗi. Wannan ne ke ƙanƙanta motar, ido kuwa ƙaramin abu nesa yake ɗaukarsa. Kafin ka sauya layi, duba madubin tsakiya, sannan ka waiga.